Na gaya wa soja magana a cikin jirgi, yanzu aikina na rawa

Assalamu alaikum Anti,

Ni ma'aikaciyar cikin jirgin sama ce, 'yar asalin Batsari, amma a cikin Katsina nake zaune da mahaifiyata da ƙannena, kuma da albashina gidanmu yake ci. A daminar nan 'yan bindiga suka kashe yayana a gona, ya bar mata da yara huɗu.

Makon jiya muka taso daga Katsina za mu Abuja. Cikin fasinjojin akwai wani hafsan soja sanye da kaki. Da na zo miƙa masa ruwa, ban san lokacin da na ce, "Yallaɓai, ku dai kuna ta hawa jirgi, mu ana ta kashe mu a ƙauye." Ya dube ni bai ce uffan ba. Shirun nan ya ƙara tunzura ni, na ce, "Gwamnatin nan ta gaza, ku ma kun sani. In da gaske kuke ai da tuni kun yi abin da na Nijar suka yi." Sai ya ce, "Madam, na gode da ruwan," ya juyar da kai wajen taga. Ashe wani fasinja a baya yana ɗauka da waya, kuma shugabar ma'aikatan jirgin ta ji komai.

Yanzu an ba ni takardar tuhuma, an ce in amsa cikin kwana biyu. Abokan aikina sun rabu gida biyu. Wasu sun ce kada in kuskura in ba da haƙuri, tsarin mulki ya ba ni 'yancin faɗin albarkacin bakina, kuma ai mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Wasu sun ce in duba takardar sunayen fasinjoji in samo lambarsa in roƙe shi ya sa baki. Mahaifiyata ba ta san halin da ake ciki ba. Anti, ƙarya na faɗa? Laifi na yi? Me zan rubuta musu?

Wata baiwar Allah, daga Katsina

Wa'alaikumus salam ɗiyata.

Kafin komai ina yi miki gaisuwa. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya sa can ta fi masa nan, Ya raya marayun da ya bari, Ya ba mahaifiyarku dangana. Wadda aka kashe wa ɗan uwa a gona ba ta buƙatar wani ya karanta mata abin da ake kira rashin tsaro, ni ma ba zan fara ba.

Kin tambaye ni ko ƙarya kika faɗa. A kan kisan da ake yi, ko kusa. Duk Bakatsine ya haddace sunayen nan: Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji a ƙafa. A Agustan 2025 an buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Manoman bakin Dajin Rugu sun sayar da shanu da gonaki sun biya kuɗin fansa, wasu ma sai sun biya haraji kafin a bar su su yi girbi. Zafin da ke ranki yana da dalili.

Amma kin yi laifi. Na faɗa miki kai tsaye ne don kwana biyu kawai aka ba ki, babu lokacin kewaye-kewaye.

Ki ɗan zauna a kujerar mutumin nan ki duba. Yana ɗaure da bel, jirgi yana sama, babu inda zai tashi ya je. Fasinja gaba, fasinja baya, kowa da waya a hannu. Sunansa yana rubuce a ƙirjin rigarsa, muƙaminsa yana kafaɗa. Sai ga ma'aikaciyar jirgi ta tsaya a kansa tana neman ya amsa cewa gwamnati ta gaza. Wace amsa ce ta rage masa? In ya ce gaskiyarki ce, ya soki Babban Kwamandansa a bainar jama'a, domin tsarin mulkin 1999 a hannun shugaban ƙasa ya damƙa ragamar sojojin Najeriya. In ya ce ba haka ba ne, kafin ya sauka Abuja hotonsa ya zaga Facebook da rubutun cewa soja ya ƙaryata kisan Katsinawa. Ko kai ya gyaɗa, sai an samu mai fassara gyaɗawar. Kin kira mutum dambe ne bayan an ɗaure masa hannuwa ta baya. Shirun da ya ƙona miki rai shi kaɗai ne abin da aikinsa ya bar masa, kuma godiyar ruwan da ya yi miki ita ce hanyar da ya samu ya rufe maganar ba tare da ya ci mutuncinki ba.

Abokan aikinki da ke kafa hujja da tsarin mulki rabin shafin suka karanta. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, haka ne. Amma wannan sashen dai, a ƙasansa, ya halatta a yi dokar da za ta taƙaita bakin sojoji da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro. Kuma ana aiki da hakan, ba a takarda ya tsaya ba. A 2020 wani bidiyo ya fita daga fagen daga, inda Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙi da Boko Haram a lokacin, yake bayanin ruwan wutar da aka yi wa dakarunsa da asarar da suka yi. Aka cire shi daga muƙamin, kotun soja ta same shi da laifin karya ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta ta hukunta shi, ƙaramin sojan da ke yi masa hidima kuma aka yanke masa kwana 28 a tsare. Janar ke nan. To ina ga kyaftin ko manjo da aka ɗauka a waya yana tattauna gazawar gwamnati da farar hula a cikin jirgi?

Maganarki ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ina jin ba ki auna nauyinta ba. Abin da na Nijar suka yi ranar 26 ga Yuli 2023 juyin mulki ne, suka tsare Mohamed Bazoum suka karɓe gwamnati. Ke nan kin tsaya a gaban shaidu kin yi wa hafsan soja tayin juyin mulki. Na san ba wani shiri gare ki ba, baƙin ciki ne ya yi magana. Amma hukuma ba da niyyar zuciya take fara aiki ba, da abin da ke cikin bidiyo take farawa. Ki tuna zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, lokacin da wasu matasa a Kano da Kaduna da nan Katsina suka ɗaga tutar Rasha suna kiran soja su karɓa. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya fito ya ce cin amanar ƙasa ne, kuma an gurfanar da mutane da dama a kotu a Abuja, har da ƙananan yara, kafin daga baya a sake su. Shi kuwa soja, wannan kalma a wurinsa maganar rai ce. An harbe hafsoshi a kan zargin juyin mulki a 1976 da 1986 da 1990.

Mu Katsinawa ma ba sai an kai mu nesa ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da zargin shirya juyin mulki aka kama shi a 1995, kuma a gidan yarin Abakaliki ya rasu a Disambar 1997. Filin jirgin da kike tashi daga cikinsa kullum sunan ƙanensa Umaru yake ɗauke da shi. Na san dalilin da ya sa bakinmu ya saba haɗa soja da siyasa a hira ɗaya. Jiharmu ta fitar da Janar Hassan Usman Katsina da ya mulki Arewa a 1966, ta fitar da Shehu, ta fitar da Muhammadu Buhari na Daura da ya yi mulki da kaki daga 1983 zuwa 1985 ya dawo da ƙuri'a a 2015. A teburin mai shayi da zauren gida, maganar soja da maganar mulki tamkar abu guda ne a wurinmu. Amma sojan da ke bakin aiki yau ya shiga ne a ƙarƙashin wata doka daban. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, abin da Obasanjo ya fara yi shi ne sallamar hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa, kuma tun daga nan ake koya wa na baya cewa siyasa wuta ce.

Ko juyin mulkin Nijar ɗin da kike sha'awa, ki tambayi 'yan kasuwar Jibiya da Mai'adua abin da suka gani. An rufe iyaka har zuwa Maris 2024, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa, dangi a Maraɗi da Katsina suka koma bin ɓarauniyar hanya don zuwa biki da gaisuwar mutuwa. Kuma har yau ba a daina kai hare-hare a Nijar ba.

Sannan, ɗiyata, wane ne shi wannan mutumin? Ba ki sani ba. Kin ga kaki a kujerar jirgi kin yanke hukunci cewa ɗan hutu ne. Sojan da ya hau jirgi daga Katsina, zai fi yiwuwa daga cikin masu aikin dajin nan yake, ko na birget ta 17, ko na sansanin sojan sama, ko na rundunar Fansan Yamma. Wataƙila wata da watanni bai ga 'ya'yansa ba sai yanzu ya samu fas. Wataƙila asibiti za shi. Wataƙila yaransa aka kashe masa a kwanton ɓauna zai je ya ba da bahasi. An yi irin wannan a yankin Shimfiɗa na Jibiya a Yulin 2020, sojoji da dama suka kwanta dama. Kuma bala'in nan bai bar masu kaki ba ko bayan sun ajiye shi: a Fabrairun 2025 har gida aka je aka ɗauki Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya a garinsu da ke ƙasar Bakori, ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Yana iya yiwuwa mutumin da kika gaya wa magana ya binne mutane fiye da waɗanda kika binne.

Ba wanke sojoji nake yi ba. Akwai ƙauyukan da suka yi ta kiran waya cikin dare ba a zo ba sai da gari ya waye. Akwai Tudun Biri a Kaduna, inda jirgin soja maras matuƙi ya kashe masu Mauludi a Disambar 2023, kuma rundunar da kanta ta amsa. Akwai tambayoyi masu nauyi a kan inda kuɗin tsaro yake shiga. Duk waɗannan sun cancanci a tsare masu alhaki a tambaye su. Sai dai masu alhakin suna da suna da ofis, kuma hafsa ɗaya da ya sayi tikiti ba shi ne ke rubuta kasafin kuɗi ba, ba shi ke yanke inda za a kai bataliya ba.

Wannan ne ma amsata ga masu jawo miki hadisi. Hadisin faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba ya inganta, amma shugaba aka ce, wanda ke da ikon ya hukunta ki kuma yake da ikon ya gyara. A cikin jirgin nan ke ce mai iko a kansa: ke ke ce masa ya ɗaura bel, ya miƙe kujera, ya kashe waya. Hadisin da ya dace da ku shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya haɗa abu biyu a cikinsa, cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, kuma ya girmama baƙonsa. Fasinja baƙonki ne tun daga ƙofar jirgi har ya sauka. A gidanku na Batsari, in baƙo ya zauna aka kawo masa ruwa, ba a tsaya a kansa a tuhume shi da laifin danginsa kafin ya kai kofi baki.

Ki kuma tuna ke ma kaki ne a jikinki. Ranar da kika sa yunifom ɗin kamfani, duk abin da ya fito daga bakinki a tsakanin kujerun nan kamfanin ne ya faɗa. Jirgin Katsina zuwa Abuja kuwa kin fi ni sanin waɗanda ke cika shi: kwamishina da ɗan adawa, ɗan majalisa da wanda ya kayar, sarakuna, 'yan kasuwa, malamai, marasa lafiya. Kowannensu ya biya kuɗi ne a kai shi lafiya, kuma kowannensu yana da haƙƙin ya sha ruwan hannunki ba tare da ya san jam'iyyarki ba.

Akwai abin da ya fi wannan girma, wanda aka koya miki kafin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba ki lasisi. Raba ruwa da biskit ƙaramin ɓangare ne na aikinki. An ajiye ki a jirgi ne saboda ranar da hayaƙi zai cika shi, ranar da ake so kowa ya fice cikin daƙiƙa 90. A ranar, murya ɗaya ake so mutane su bi ba gardama, taki. Kuma in ana neman fasinja mai ƙarfi da natsuwa da zai taimaka wajen buɗe ƙofar gaggawa ko riƙe mutane a ƙasan tsani, su wa aka ce ki fara nema? Sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, saboda sun saba bin umarni cikin ruɗani. Mutumin da kika muzanta shi ne na farko da za ki kira in abu ya lalace. Shi ya sa kamfani ba zai ɗauki maganar a matsayin 'yar hira da ta zarce ba.

Kada ki ɗauka zagi kaɗai ne matsalar. Na sha ganin ma'aikatan jirgi da na filin jirgi suna yi wa soja abin da suke zaton kirki ne: "Oga, ina aka kai ku yanzu? Yaushe za ku shiga dajin? Ku nawa ne?" Wasu har su nemi a yi hoto su sa a WhatsApp. A jihar da kowa ke kukan masu kai wa 'yan bindiga rahoto, tambayar soja inda za shi a gaban mutanen da ba ki sani ba ganganci ne da ransa. Haka nan mai cewa "Yallaɓai, ai gwamnatin nan ta yi ƙoƙari, ko ba haka ba?" ta jefa shi cikin ramin da kika jefa shi, ta ɗaya gefen. "Sannu da aiki Yallaɓai, Allah Ya tsare" ta wadatar. In kin ga dama ki ƙara da cewa ke 'yar Batsari ce, Allah Ya ba su nasara. Zai gane abin da kike nufi, kuma ba ki nemi ya ce komai ba.

In kuma fasinjan ne ya fara, soja ne ko ɗan siyasa, ya ce "Madam, wa za ki zaɓa?" sai ki yi murmushi ki ce "Ranka ya daɗe, muna bakin aiki, shayi ko ruwa?" ki tura kurarki gaba. In ya matsa ko ya ci zarafinki, ki kai wa shugabarki, ita ta kai wa matuƙi. Daga lokacin da aka rufe ƙofa, matuƙi ne shugaban kowa a jirgi, ko Janar ne a zaune, kuma doka ta ba shi ikon ɗaukar mataki a kan duk mai tayar da fitina. Kaki ba ya ba kowa lasisin wulaƙanta ki. Sai dai a labarinki mutumin nan bai yi miki komai ba.

Yanzu takardar. Ki amsa ta a cikin lokacin da aka ba ki, kada ki bari ya wuce ko da awa ɗaya. Ki rubuta gajere, shafi ɗaya. Ki faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, da kalmomin da kika furta, domin akwai bidiyo akwai shaida, kuma ƙaryar da aka kama a amsar tuhuma ta fi laifin farko saurin cin aiki. Ki amsa cewa maganar ta saɓa wa ƙa'idar aiki, ki ba fasinjan da kamfanin haƙuri ba tare da "amma" ba. Ki ambaci rasuwar yayanki a layi ɗaya ko biyu, a matsayin halin da kike ciki a ranar, kada ki mayar da ita hujjar cewa kin yi daidai. Ki fito fili ki ce ba kya goyon bayan juyin mulki kuma ba ki da alaƙa da wata ƙungiya, wannan layin kada ya faɗi. Ki tuna musu tarihin aikinki in ba a taɓa kama ki da laifi ba, ki ce a shirye kike ki koma horo. Kada kalma ɗaya ta siyasa ta shiga takardar. Ba a tambaye ki ko gwamnati ta gaza ba, an tambaye ki me ya sa kika faɗa wa fasinja haka kina bakin aiki.

Shawarar duba takardar sunayen fasinjoji ki samo lambarsa, ki nesance ta. Wannan laifi ne na biyu, kuma ya fi na farko wuyar karewa. Bayanan fasinja amana ce, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma soja da ya ga baƙuwar lamba ta kira shi daga wadda ta yi masa maganar juyin mulki, dole ne ya kai rahoto don ya kare kansa. In kina son haƙurinki ya isa gare shi, kuma ya kamata ya isa, ki rubuta 'yar takarda daban ki ba shugabanninki, ki roƙe su su aika ta hanyar kamfani.

Kada ki rubuta komai a Facebook ko TikTok, ko da bidiyon ya fita, ko da mutane dubu sun kira ki jaruma. Masu tafa miki a can ba su za su biya kuɗin makarantar marayu huɗu ba. In ɗan jarida ya kira, ki ce magana tana hannun kamfani. Tun bayan rigingimun fasinjoji da ma'aikatan jirgi da suka cika kafafe a Agustan 2025, har NCAA ta dakatar da lasisin wasu matuƙa, kamfanoni sun zama masu tsoron duk abin da zai sa sunansu a bidiyo. Ma'aikaciyar da ta yi shiru ta ba da haƙuri ana iya rufa mata asiri. Wadda ta koma intanet tana kare kanta, ita da kanta ta ɗaure hannun masu son taimakonta.

In an kira ki gaban kwamiti, ki tafi da wakilin ƙungiyar ma'aikata in kina ciki, ki riƙe kwafin duk takardar da kika bayar da wadda aka ba ki, ki karanta takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin kamfani tun daren yau. Ba zan yi miki alkawarin abin da za su yanke ba. Zai iya zama gargaɗi, zai iya zama dakatarwa na ɗan lokaci, zai iya fin haka. In aka sallame ki ba tare da bin matakan da ƙa'idarsu ta shimfiɗa ba, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, sai ki ga lauya. Amma fatana ba za a kai nan ba.

Akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da na tsaya a kanta: kin ce ba ki san lokacin da kika faɗa ba. Na yarda da ke, kuma shi ya sa nake tsoro. Mutumin da bakinsa ya fara kuɓuce masa a wurin aiki, kukan da bai gama yi ba ne yake neman hanya. Na tabbata ana gama sadakar bakwai kika koma jirgi, saboda gida na jiran albashi, kina yi wa mutane murmushi da safe kina kuka da dare. Ki nemi hutu na 'yan kwanaki, haƙƙinki ne. Ki samu wadda za ki zauna da ita ki amayar da abin da ke ranki, gwaggo ce, malama ce, ko likitan da ya san wannan fanni, kuma babu abin kunya a ganinsa. Nan gaba duk ranar da kika ga kaki kika ji ƙirjinki ya ɗauki zafi, ki gaya wa shugabarki ta canja miki ɓangare, wata ta yi layin. Ana yin haka, ba a korar kowa a kansa.

Shi kuwa fushin, ki kai shi inda zai yi aiki. In kin tuɓe yunifom ke 'yar ƙasa ce kamar kowa. Batsari tana da ɗan majalisar jiha da na tarayya, tana da shugaban ƙaramar hukuma, tana da Sarkin Ruma. Jihar tana da ma'aikatar tsaron cikin gida, da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Ki haɗa kai da sauran iyalan da aka yi wa rashi a yankinku, ku rubuta sunan kowane mamaci da ranar da aka kashe shi da gonar da aka kashe shi da yawan marayun da ya bari, ku kai da hannunku, ku karɓi shaidar an karɓa, ku koma bayan wata ɗaya ku tambaya. Kina da ilimin rubuta irin wannan takarda, matar yayanki wataƙila ba ta da shi. Ki kuma tabbatar katin zaɓenki da na mahaifiyarki suna hannu kafin 2027.

Mahaifiyarki kuwa ki gaya mata yau, da bakinki, kafin wata maƙwabciya ta miƙa mata waya ta ce "ba ɗiyarki ba ce wannan?" Ki zaunar da ita bayan magariba, ki faɗa mata kin yi kuskure a wurin aiki, kin ba da haƙuri, ana dubawa, ki nemi addu'arta. Daga nan ki ɗauko takarda ki rubuta amsar, ki ba wani babba a wurin aikin da kika amince da shi ya karanta kafin ki miƙa. In kwamitin ya zauna, ki rubuto mini abin da suka ce.